Kafin allura ta shiga jijiya

Shekaru uku da suka wuce, a tsakiyar bazara, ƙanwata ta haihu a wani ƙaramin asibiti da ke gefen gari. Jaririya ta faɗo lafiya, har an fara yi mana barka, sai jini ya ƙi tsayawa. Ina tsaye a baranda ina ganin ma'aikatan jinya suna shiga suna fita da sauri, mahaifiyarmu kuma tana zaune a kan benci tana jan carbi, ba ta ce da kowa komai ba. Allah Ya kiyaye, bayan kusan awa guda jinin ya lafa. Da hankali ya kwanta na tari ungozomar da ta karɓi haihuwar, na yi mata godiya, sannan na ce, "Sista, allura nawa kuka yi mata?" Ta ce, "Malam, uku. Ai yanzu ɗaya ba ta kamawa." Ta faɗi haka ne kamar mai ba da labarin tsadar tumatir, abin da an riga an saba da shi. Na tambaye ta inda suke ajiye allurar, ta nuna mini wata durowar ƙarfe kusa da taga. Akwai firji a asibitin, amma an ce na rigakafin yara ne kawai.

Harhaɗa magunguna na karanta, saboda haka na san allurar. Sunanta oksitosin, ita ce ke sa mahaifa ta tsuke bayan haihuwa don jijiyoyin da suka buɗe su rufe. A jikin kwalinta an rubuta cewa a adana ta a sanyin da ke tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyos. Zafin ranar nan ya haura 40. Ba zan rantse cewa lalacewar allurar ce ta ja wa ƙanwata abin da ya same ta ba, domin zubar jini bayan haihuwa yana da dalilai da yawa. Amma maganar ungozomar ta tsaya mini a rai, kuma ita ce ta sa na ga ya dace mu tattauna a kan abin da ke cikin 'yar kwalbar nan da muka ba amana fiye da kowane irin magani.

Mu dai mutane ne masu son allura. Gwaggona idan ta je asibiti aka sallame ta da ƙwayoyi, takan dawo tana cewa likitan bai duba ta ba. Sai an yi mata allura, ko an rataya mata ƙarin ruwa, sannan take yarda an yi aiki. Ba ita kaɗai ba ce. Na ga masu digiri da ke matsa wa mai kemis ya yi musu allurar zazzaɓi alhali suna iya haɗiye magani da kansu, kuma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce zazzaɓin cizon sauro da bai tsananta ba da maganin sha ake magance shi, allura ta wanda ciwon ya kayar ce. Wannan soyayya tana da asali. Kakanninmu sun ga yadda allurar fenisilin ta warkar da cututtukan da suka gagari kowa, labarin kuma ya bi jini. Abin da bai bi jinin ba shi ne sanin cewa a cikin dukkan magunguna babu wanda ba ya yafe kuskure kamar allura.

Dalilin a bayyane yake. Allah Ya kewaye jikin ɗan Adam da masu gadi. Fata katanga ce. Abin da ka haɗiye zai tarar da ruwan ciki mai tsami wanda ke kashe ƙwayoyin cuta da yawa, sannan bangon hanji ya tace shi, sannan hanta ta yi nata binciken kafin ya zagaya jiki. Idan abin ya yi muni, ciki na iya mayar da shi ta hanyar amai. Allura kuwa tana tsallake duk waɗannan. Abin da aka tura a jijiya ya isa zuciya da ƙwaƙwalwa cikin ƙasa da minti ɗaya, kuma babu mai iya kiransa ya dawo. Saboda haka duk aikin da fata da ciki da hanta za su yi, dole masana'anta ta yi shi tun kafin a rufe kwalbar.

Sharaɗi na farko shi ne kada a sami ƙwayar cuta mai rai ko guda ɗaya. A nan tsabta irin ta ido ba ta da amfani, domin ruwa na iya zama garau kamar hawaye alhali yana ɗauke da dubban ƙwayoyin cuta. Hanyar da aka fi amincewa da ita ita ce a cika kwalaben, a rufe, sannan a jera su a cikin wata babbar tukunyar tururi mai matsi, a kai zafin digiri 121 na tsawon minti 15. Ma'aunin da masana'antu ke bi shi ne yiwuwar wata ƙwayar cuta ta tsira kada ta wuce ɗaya cikin miliyan. To amma ba kowane magani ne ke jure wannan wuta ba. Insulin na masu ciwon sukari, da alluran rigakafi, da ire-irensu, zafi yana lalata su. Irin waɗannan sai dai a haɗa su cikin tsananin kiyayewa: a bi da ruwan ta wata matata mai ramukan da ba su wuce maikiron 0.22 ba, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu huɗu na milimita, sannan a zuba shi a kwalaben da aka riga aka tsarkake, a cikin ɗakin da iskarsa ma tatacciya ce.

Na taɓa leƙa irin wannan ɗaki ta bayan gilashi lokacin da nake ɗalibi. Ma'aikatan sun rufe jikinsu ruf, daga kai har ƙafa, ko ƙwayar idonsu tana bayan tabarau, kuma tafiyarsu a hankali kamar masu tsoron tada barci. Malaminmu ya ce mana babban abokin gaban ɗakin shi ne mutum da kansa, domin fatarmu kullum tana zubar da ɓurɓushi, numfashinmu kuma yana fitar da danshi. Lokaci-lokaci ana dakatar da aiki a cika kwalabe da wani ruwa da ƙwayoyin cuta ke son ci maimakon magani, a ajiye su kwana 14. Idan wata kwalba ta gurɓace, an san akwai ɓaraka a ɗakin ko a hannun ma'aikata.

Mai karatu zai ce, ai ana gwada maganin kafin a fitar da shi. Ana gwadawa, amma gwajin yana da iyaka, kuma wannan ne abin da mutane da yawa ba su sani ba. Kwalbar da aka fasa don gwaji ta tashi daga aiki, don haka ba za a gwada duka ba. A babban zubi, wato kwalaben da aka haɗa a lokaci guda, yawanci guda 20 ake ɗauka. Mu ƙaddara kwalba ɗaya cikin kowace dubu ta gurɓace. Lissafi ya nuna cewa gwajin guda 20 zai kama wannan matsala ne kamar sau biyu kacal cikin ɗari. Sauran lokutan zubin zai wuce da takardar shaida. Ke nan ingancin allura yana hannun yadda aka gina masana'antar, da yadda aka horar da ma'aikaci, da gaskiyar wanda ke cike takardun aiki da tsakar dare babu mai kallonsa.

Ingila ta koyi wannan darasi a 1972. A asibitin Devonport da ke Plymouth, marasa lafiya biyar suka mutu bayan an ɗaura musu ƙarin ruwa mai sukari. Bincike ya gano cewa iska ta maƙale a cikin tukunyar tururin masana'antar, kwalaben da ke ƙasa ba su sami zafin da ake buƙata ba. Na'urar da ke rubuta zafi ta nuna akwai matsala, amma ma'aikata suka ɗauka ita ce ta lalace kamar yadda ta saba, suka ci gaba da aiki. Shekaru arba'in bayan haka, a 2012, abin ya faɗa wa Amurka. Wani kamfani mai suna New England Compounding Center a jihar Masachusets ya rarraba allurar ciwon baya da ake yi a kusa da laka, ashe fumfuna ta shiga cikinta. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙidaya mutum 753 da suka kamu a jihohi 20, 64 suka mutu, da yawansu da wani nau'in sanƙarau. Shugabannin kamfanin sun tafi kurkuku, majalisar ƙasar kuma ta yi sabuwar doka a 2013. Na kawo waɗannan misalai ne don kada wani ya ɗauka matsalar ta talaka ce kawai. Ko'ina aka yi sakaci, sakamakon ɗaya ne.

Sharaɗi na biyu ya fi ban mamaki: ko an kashe ƙwayoyin cutar, gawarsu na iya yin illa. Wasu ƙwayoyin suna da wani sinadari a bangon jikinsu da ake kira endotoksin, wanda tafasa ba ta lalata shi, matata kuma ba ta tare shi. Idan ya shiga jini sai zazzaɓi ya taso, jiki ya kama karkarwa, idan ya yi yawa bugun jini ya faɗi. Duk wanda ya taɓa jinya ya ga an ɗaura wa mara lafiya ruwa, bayan ɗan lokaci ya fara rawar sanyi har gado na motsi, to wannan na cikin abubuwan da likita ke zargi. A farkon ƙarni na 20 likitoci sun rasa gane dalilin wannan zazzaɓi, sai a 1923 wata masaniya Ba'amurkiya, Florence Seibert, ta nuna cewa daga ruwan da ake haɗa allurar yake fitowa, ta kuma gyara na'urar tace shi. Tun daga nan aka san cewa ruwan allura shi kansa magani ne da ake haɗawa da ƙa'ida. Manyan masana'antu suna barinsa yana zagaya a bututu da zafin da ya haura digiri 70 dare da rana don kada wani abu ya yi gida a cikinsa. Kwalaben gilashi kuma ana gasa su a zafin digiri 250 na rabin awa don ƙone wannan guba.

Da can da zomaye ake gwajin: a yi musu allurar, a riƙa auna zafin jikinsu. Daga baya wasu masana biyu, Frederik Bang da Jack Levin, suka gano cewa jinin wata halittar teku mai kama da ƙaguwa, wadda ke rayuwa a gaɓar gabashin Amurka, yana daskarewa da zarar ya haɗu da endotoksin. Jinin nata shuɗi ne. Har yau akasarin alluran duniya da sinadarin da aka ciro daga wannan jini ake gwada su. Nakan yi tunanin cewa ƙarin ruwan da ake ɗaura wa mai jego a Gumel ko Maraɗi, wata halitta da ba ta taɓa ganin Sahara ba ce ta ba da shaidarsa.

Sai batun ɓurɓushi: ɗan gilashi, zaren auduga, gutsuren robar murfi. Ƙananan jijiyoyin huhu faɗinsu bai wuce na ƙwayar jini ɗaya ba, abin da ya fi su girma sai ya toshe su. Ana duba kowace kwalba a gaban haske, a kan farin bango da baƙi, wanda ido ba ya gani kuma na'ura ta ƙirga. Ga ƙananan allurai, ƙa'idar ita ce ɓurɓushin da ya kai maikiron 10 kada ya wuce 6,000 a kwalba, wanda ya kai maikiron 25 kada ya wuce 600. Haka nan dole ruwan ya dace da jini a yawan gishirinsa. Shi ya sa ƙarin ruwan gishiri yake da giram 9 a kowace lita, ba ƙari ba ragi. Tsagwaron ruwa, komai tsabtarsa, idan aka tura shi da yawa a jijiya sai jajayen ƙwayoyin jini su kumbura su fashe.

Duk wannan wahala a masana'anta ake shanta, kuma ana iya rushe ta a yini ɗaya a kan hanya. A nan ne nake ganin tamu matsalar ta fi tsanani. Kwali ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas, ya yi kwanaki a cikin kwantena, ya hau tirela ya ratsa ƙasar nan a rana, ya kwana a shagon kasuwa mai rufin kwano, sannan ya isa durowar asibiti ko kantar kemis. Wani bincike da aka yi tare da hukumar NAFDAC a 2016 ya tattara allurar oksitosin daga sassan Najeriya, kusan kashi uku cikin huɗu na abin da aka gwada bai cika ma'aunin ƙarfin da aka rubuta a jikinsa ba. Ungozomar da ta ce mini ɗaya ba ta kamawa ba ta karanta wannan bincike ba, hannunta ne ya gaya mata. Hatsarin kuwa biyu ne. Ranar da allurar ta mutu gaba ɗaya, uku ma ba za su tsayar da jini ba. Ranar da kuma aka dace da mai cikakken ƙarfi aka ninka ta, musamman idan an yi ta don gaggauta naƙuda, mahaifa na iya tsukewa fiye da ƙima har ta fashe, ko jariri ya galabaita. Akwai kamfanonin da ke rubuta cewa tasu tana jure zafi har digiri 25, amma wane shago ne a Sakkwato ko Maiduguri yake zama a digiri 25 a watan Afrilu?

Bayan lalacewa kuma akwai ha'inci. A 1995, lokacin annobar sanƙarau a Jamhuriyar Nijar, an yi wa fiye da mutum 50,000 rigakafin jabu wanda babu maganin a cikinsa, kuma daga Najeriya aka kai shi a matsayin gudummawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta mutuwar kimanin mutum 2,500 da wannan al'amari. A 2015 ma hukumar ta sake fitar da gargaɗi a kan jabun rigakafin sanƙarau a Nijar. Marigayiya Dora Akunyili, wadda ta shugabanci NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, ta sha faɗin cewa jabun insulin ne ya kashe 'yar'uwarta a 1988. Mai yin jabun allura aikinsa ya fi na mai jabun ƙwaya sauƙi, domin ruwa duk kamarsa ɗaya. Abin da yake buƙata kwalba ce da takarda mai kyau.

Ba na cikin masu cewa ba a yi komai ba. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga NAFDAC zuwa mataki na uku a ma'aunin ƙwarewar hukumomin sa ido a kan magunguna, matakin da ƙasashen Afirka kaɗan ne suka kai. A Kano an tashi 'yan kasuwar magani daga Sabon Gari zuwa sabuwar cibiya a Dangwauro, duk da cewa an sha ja-in-ja. Sai dai lambar rajista a jikin kwali tana ba da shaida ne a kan yadda maganin ya bar masana'anta. Ba ta san kwana nawa ya yi a bayan mota ba, ba ta kuma san ko an ɗauke wuta mako guda a inda aka ajiye shi ba.

Mataki na ƙarshe yana hannun mai yin allurar, kuma a nan ma ana ɓarna. Na ga inda ake huda ledar ƙarin ruwa ɗaya tun safe, a riƙa zuƙa daga cikinta ana dama alluran marasa lafiya har yamma. Ruwan da ke cikin ledar nan babu sinadarin da ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a cikinsa. Da zarar an huda shi a ɗaki mai zafi, ya zama gona. Allurar atesunet ta zazzaɓi mai tsanani, idan an dama ta, cikin awa guda ake amfani da ita ko a zubar. Rigakafin ƙyanda da aka dama ba ya wuce awa shida. Batun sake amfani da sirinji kuwa, Masar ta ishe mu misali: daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980 an yi gangamin yi wa miliyoyin mutane allurar tsargiya da sirinjin gilashi da ba a tafasa su yadda ya kamata ba, aka bar ƙasar da ciwon hanta nau'in C fiye da kusan kowace ƙasa a duniya, sai a 'yan shekarun nan ta shawo kansa. Allura ta tono garma ke nan a zahiri. Dokar Najeriya ba ta ba mai kemis na unguwa izinin yin allura ba, amma kowa ya san labulen da ke bayan kanta da bencin da ke bayan labulen.

Majinyaci ba zai iya gwada endotoksin ba, amma yana da ido da baki. Yana da haƙƙin ya ce a buɗe sirinjin a gabansa. Yana iya ɗaga kwalbar ko ledar ruwan a haske, idan ya ga gurɓata, ko wani abu na yawo, ko launi ya sauya, ko leda na ɗiga, ya ƙi. Yana iya karanta ranar ƙarewar aiki, ya kuma tambayi mai sayarwa daga ina ya ɗauko, idan kwalin ya ce a sa a firji amma daga kan kanta aka miƙo shi, ya bar masa kayansa. A jikin kwalbar rigakafin yara akwai wata 'yar alama, murabba'i a cikin da'ira. Idan murabba'in ya yi duhu kamar da'irar ko ya fi ta, zafi ya gama da maganin. Mafi sauƙi kuma, idan likita ya ce maganin sha ya isa, a yarda. Masu ajiye insulin a gindin randa saboda rashin wuta sun yi dabara, ta fi barinsa a kan taga nesa ba kusa ba, amma su sani randa ba ta kai sanyin firji, kuma kwalbar da aka fara amfani da ita yawanci kwana 28 ne wa'adinta.

Game da oksitosin, akwai mafita biyu da ba sa buƙatar gina sabuwar masana'anta. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince a riƙa ajiye ta a firjin rigakafi muddin an ware ta an yi mata alama, don haka cewa firjin na yara ne kawai ba hujja ba ce. Na biyu, akwai wata 'yar'uwarta mai suna kabetosin wadda aka haɗa don ta jure zafi. An gwada ta a kan mata kusan 30,000 a ƙasashe goma, har da Najeriya, aka wallafa sakamakon a 2018, ya nuna tana rigakafin zubar jini kamar oksitosin mai kyau. Jihohin da ke sayen kayan haihuwa kyauta ya kamata kwamishinoninsu na lafiya su amsa mana tambaya a kan wace suke saya, kuma a ina take kwana.

Ranar da ƙanwata ta mayar da jaririyar don rigakafin mako shida, na raka ta. Na tarar da ungozomar nan, na kai mata wannan bayani a takarda. Ta karanta, ta kai wa shugabar sashen, kafin mu tafi na ga an kwashe kwalayen daga durowa an sa su a wata roba mai murfi a cikin firjin. Da ta rako mu bakin ƙofa sai ta ce, "Malam, mun gode. To amma wadda ta riga ta sha rana a mota kafin ta iso hannuna fa, ta yaya zan gane ta?" Na ɗauki kwalba ɗaya na juya ta a haske. Ruwan garau yake, takardar tsaf, ranar ƙarewar aiki saura shekara guda, kuma babu murabba'i a cikin da'ira a jikinta.